Yadda Na Bar Nafisa a Cork

Ranar sunan jikana, ɗan Bilal, ina zaune da baƙi a falon gidanmu na unguwar Ulaisha a Riyad, sai na jiyo muryar ɗana Usman daga bakin ƙofa yana ba wani abokinsa labari. Cewa ya yi Babansu ya kai ƙanwarsu ƙasar Turawa, ya ajiye ta a gidan wata tsohuwa mai kare, ya gudo Riyad don kada shagonsa ya salwanta. Da Larabci ya faɗa, yana dariya, yana zaton hayaniya ta rufe. Ban tanka ba, don ba ranar magana ba ce. Amma na gane haka labarin ya zauna a gidan nan, kuma in na mutu haka zai ci gaba da zama. Shi ya sa zan rubuta shi yadda ya faru, ku karanta ku uku. Har ke Nafisa, domin akwai abin da ba ki ji ba, ko da yake kina tsaye a wurin.

Kun san sana'ata, amma ba ku san ƙa'idarta ba. Da dako na fara a kasuwar Batha. Daga baya na lura masana'antun bargo da darduma na Birnin Masana'antu na Biyu suna ware kayan da suka ɗan samu aibi, zare ya zame ko launi ya kauce, su jibge a bayan sito. Na riƙa saye ina kawowa kasuwar Dira ina sayar wa mutanenmu masu aika kaya gida, har Allah ya kai ni ga shago. Abu biyu suka riƙe ni duk tsawon shekarun nan. Ba na biyan kuɗin abin da idona bai gani ba, hannuna bai taɓa ba. Kuma ba na nuna wa mai kaya ina son kayansa. In duba, in faɗi aibinsa, in taya, in ya ƙi in juya in kama hanya a hankali. A Dira ba ka kai ƙarshen layi sai ka ji "ta'al, ta'al", ana kiranka ka dawo. Mai kaya ya san wasan, kai ma ka sani, ba wanda ya ci mutuncin wani.

Shagon kuwa sunan kafilina ne a jikinsa, wato Balaraben da ya tsaya mini a ƙasar, Abu Nasir, dattijon da bai taɓa cutata ba. A shekarar da nake ba ku labari yana kwance a asibiti, ɗansa Nasir ne ke riƙe da takardun kowa. Nasir ya sha zuwa ya tsaya a bakin shagon yana bin masu shiga da fita da kallo. Shi ya fitar mini da bizar fita da dawowa, ya kuma ba ni gajera. Da na ce ya ƙara mini kwanaki sai ya ce:

"Yarinya za ka kai makaranta, ya Haladu. Me za ka zauna yi?"

Ku gane abin da wannan ke nufi. In ranar ta wuce ban shigo ƙasar ba, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, shagon ya zama nasa ba tare da ya yi rigima da kowa ba, Mamanku da ku biyu da kuke ƙarƙashin iƙamar kuma kun zama na kora.

Nafisa ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Cork, a ƙasar Ireland. Da kanta ta nema, da kanta ta yi jarrabawar Turanci. Mamanku ba ta so ba tun farko. Makarantar ta aiko da tayin ɗaki a gidan ɗalibai, aka ce a biya tun daga nan, a kan hoto. Na tambaya na ji maza da mata gini ɗaya, kicin ɗaya. Na ce a'a, zan je in nemo mata wuri da idona. A raina ina ganin kamar Riyad ne, inda kowane layi akwai allon haya a jikin bango. Ranar da za mu tashi Mamanku ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe jakar Nafisa, ta ƙi saki sai da na dube ta.

"Alhaji, gidan Musulmi. In ba ka samu ba ka dawo mini da 'yata."

"Na ji."

"Ji daban, alkawari daban."

"Zan yi abin da ya fi mata," na ce. Ba ta so amsar ba, amma ta saki jakar.

Cork gari ne na tudu da gangare, kogi ya ratsa tsakiyarsa, ruwan sama kuma ba ya sallama kafin ya sauko. Otal ɗin da muka fara sauka kwana biyu kawai na yarda aka kama mana, da niyyar in na ga wurin sai in yi magana da manaja ido da ido. Manajan kuwa wata yarinya ce a bayan teburin karɓar baƙi, wadda ba ta da ikon rage komai, sai abin da allon gabanta ya nuna. Da kwanakin suka cika na ce a ƙara mana, ta duba ta ce babu, an kama ko'ina tun watannin baya. Lokacin dawowar ɗalibai ne, ga iyayensu, ga masu biki, ga masu zuwa kallon wasa. Sha biyun rana katin ƙofarmu ya daina buɗewa. Muka ja akwatuna muka fita cikin yayyafi.

Daga nan muka shiga yawon gidajen baƙi. Can akwai su da yawa a layin da ke kusa da jami'a, gidajen mutane ne masu bene, an mai da ɗakunan sama na haya, a ba ka kwana da karin kumallo. Kowane gida da ɗan allo a taga mai nuna ko da wuri ko babu, kuma kusan duka babu. Wahalarmu ta ninka ta kowa, domin ɗaki biyu nake nema a gida ɗaya. Sau da yawa a ce akwai guda mai gado biyu, ai uba da 'ya ne, mene ne a ciki. In ce a'a, su ɗaga kafaɗa. Inda muka samu, kwana ɗaya ne ko biyu, sai a ce gobe akwai masu zuwa. Na san nauyin akwatin Nafisa fiye da yadda na san nauyin dilar bargo. Da safe mu ci burodi da dafaffen ƙwai, mu bar sauran abin da ke faranti saboda ba mu san da me aka soya ba, mu ajiye kaya a ƙarƙashin matakala, ta tafi rajista, ni in bi adireshin ɗakunan haya da ta rubuto mini. Ko'ina na je sai in tarar da layi.

Sau ɗaya muka samu abin da ya dace. Gida ne na 'yan mata zalla, kusa da makaranta, ɗaki ɗaya ya rage. Mai gidan wani dogon mutum ne da tarin makullai a hannu, yana shigar da mutane bibbiyu. Da aka zo kanmu na yi abin da na iya. Na shafa bango na nuna masa danshi, na girgiza taga, na danna katifa na yamutsa fuska. Na tambayi kuɗin ƙarshe, ya maimaita na farko. Na taya. Ya dube ni kamar bai ji ba. Sai na ce wa Nafisa mu tafi, muka fito, na rage tafiya.

"Yuba, ba zai kira ba," ta ce. In ta tsorata ne take kirana haka, irin na yaran Riyad.

"Yi shiru. Rage sauri."

"Baba, nan ba Dira ba ce."

A kwanar layi na tsaya kamar ina duba waya, na waiga. Wata mata da 'yarta suna gaisawa da mutumin, yana zare makulli daga cikin tarin. Ban ɗauki wannan laifi ba har yau. Ma'aunin da na sani na ɗauko, kasuwar ce ba tawa ba. Amma ɗakin ya tafi.

Ranar Juma'a na je masallaci na tsaya bayan salla ina tambayar gidan Musulmi da zai karɓi ɗaliba. Mutanen kirki ne, sun saurare ni. Wani likita ɗan Sudan ya ce shi kansa akwai yara biyu na 'yan uwa da ke kwana a falonsa. Wani ya karɓi lambata, bai kira ba. Na aika wa Nasir saƙo ya tsawaita mini biza, abin da zai iya yi daga wayarsa yana zaune. Ya amsa da "in sha Allah". Na san irin wannan in sha Allah ɗin, ni ma ina yin ta in ba na son abu. Kullum da yamma kuma Mamanku ta kira, tambayarta ɗaya:

"An samu?"

"Ana nema."

"Ranar dawowarka fa?"

"Tana nan inda take."

A makon ƙarshe muka faɗa gidan Madam Nora, can saman tudu, saboda wasu baƙinta sun fasa zuwa. Tsohuwa ce gajera mai farin gashi, mijinta ya rasu, ita kaɗai ke tafiyar da gidan. Abin da na fara gani da ta buɗe ƙofa shi ne kare, tsoho, kwance a gindin matakala. Na biyu hoton addininsu a bango da 'yar jar fitila a ƙarƙashinsa. Da ina da wani wurin da ban shiga ba. Tun a tsaye ta karanta mana dokokinta: a goge takalmi, karin kumallo yana da lokaci kuma ba ta jiran kowa, baƙon waje ba ya hawa sama ko wane ne shi. Ba ta yi murmushi ba. Ta ba mu makullai masu ɗaure da katako kamar rabin tafin hannu, don kada wani ya manta da su a aljihu.

Ɗakina yana da ɗan banɗaki a ciki, kuma an shimfiɗa masa kafet har gindin bango. Ni da na tsufa a sayar da shimfiɗa ban taɓa ganin haka ba. Babu magudanar ruwa a ƙasa. Wurin wanke hannu yana da tsawo, gwiwata kuma ba ta ɗaga ƙafa zuwa can. Sai na riƙa yin alwala yadda nake yi a gida, in tsuguna da gorar ruwa in wanke ƙafa a ƙasa, ina cewa siminti ne a ƙarƙashi, zai bushe. Ashe katako ne, kuma ɗakin cin abinci ne a ƙasansa. Wata safiya muna zaune ana karin kumallo, sai ɗigo ya sauko daga rufi ya faɗa cikin kwanon sukarin wasu Turawa da ke teburin kusa da mu. Kowa ya ɗaga kai. Rufin ya yi wani faffaɗan tabo, fentin ya kumbura. Madam Nora ta ajiye butar shayi, ta dubi tabon, ta dube ni, ta ce in biyo ta.

Ta taka kafet ɗin, ruwa ya fito ta gefen takalminta. Turancina na kasuwa ne, don haka Nafisa ce ke fassara.

"Tana tambaya wanki kake yi a nan?"

"Gaya mata alwala ce. Wanke ƙafa kafin salla."

"Ta ce sau nawa?"

"Biyar a rana."

Tsohuwar ta yi magana a hankali, tana kallona ni, ba Nafisa ba.

"Ta ce Allah ya karɓa, amma ba ta cikin rufinta ba."

Ta sa na naɗe kafet ɗin da hannuna na sauke shi bayan gida, tana biye da ni tana faɗa kamar ta samu ɗan makaranta. Ina ɗauke da shi ina lissafin abu biyu: yau za ta kore mu, kuma za ta yanka mini kuɗin da ta ga dama. Duk ɗan kasuwa ya san wannan lokacin. In ka ɓata wa mutum kaya, wuƙa tana hannunsa, a nan ake sanin ko wane ne shi. Ta kira mai gyara ya duba. Abin da ya faɗa shi ta faɗa mini, ba ta ɗora komai a kai ba, kafet ɗin ma ta ce ya daɗe da isa jefarwa. Da na koma ɗaki da azahar na tarar da robar wanki da 'yar kujera a banɗakin. Ba ta ce ita ta ajiye ba, ni ma ban yi godiya ba sai washegari.

Daga ranar na fara kallon matar da idon sana'a. Na ga ta san motsin kowa a gidan ba tare da ta bar kicin ba. Akwai wani baƙo mai yawon tallan kayan gini da ya tare Nafisa a matakala yana mata surutu, yana tambayar daga ina take, ko ta san gari. Ina saman bene, kafin in sauko na ji muryar tsohuwar daga ƙasa:

"Ɗakinka yana hagu, malam. Yarinyar tana da aji."

Mutumin ya wuce sum. Na tsaya a wurin ina tunani. Na zo neman gidan Musulmi, amma abin da Mamanku ke nufi da kalmar shi ne gidan da wani zai san lokacin da 'yarta ta shigo, ya kuma san wanda ya tsaya da ita. Ga shi a gabana, da kare da jar fitila.

Jirgina na safiyar Alhamis ne daga Dublin, bizar kuma Juma'a take mutuwa. Ranar Talata bayan an kwashe kwanuka na same ta tana goge tebur, na ce ta ba Nafisa ɗaki na shekara. Ta ce ba ta ɗaukar ɗalibai, ta gwada ta sha wahala, kuma da sanyi rufe saman take yi don ɗumama shi ya fi ƙarfinta. A nan na yi abin da ban taɓa yi wa mai kaya ba tun da na fara ciniki. Na buɗe mata cikina. Na gaya mata zancen biza, da Nasir, da shago, da ku biyu, da alkawarin da aka nema a bakin ƙofa. Na ce ba ni da wani wuri, ba ni da sauran lokaci, ta faɗi abin da take so. Nafisa tana fassarawa tana kallon ƙasa, don ba ta taɓa jin na yi magana haka ba. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, tsumma a hannunta.

"Ka yi haƙuri," ta ce. "A'a. Kai kaɗai ka kusa rushe mini gida cikin 'yan kwanaki."

Na fita na sayi wa Nafisa tikitin komawa. Da na nuna mata ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce akwai wata 'yar ajinsu da ta ce za ta iya kwana a kujerar falonsu kafin a samu wuri. Na tambaya su wa ke gidan, ta ce ba ta sani ba. Na ce to babu wannan maganar.

"Da ka biya ɗakin makaranta tun a Riyad, da yanzu ina aji," ta ce.

"Haka ne."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Ki haɗa kayanki."

Da yamma na gaya wa Mamanku muna tafe mu biyu. Na ji ajiyar zuciyarta ta cikin waya. Ta ce za ta yi wa Nafisa dambu.

Laraba da safe tasi ta zo kai mu tashar motar Dublin. Direban ya sa akwatuna a but. Na miƙa wa Madam Nora makullanta, ta karɓa ta ce Allah ya kiyaye hanya, irin tasu. Nafisa ta riga ni fita, ta shiga baya ta juya fuska ga taga. Na bi 'yar hanyar da ke tsakanin ƙofa da titi da sauri, domin mota ba ta jira. Ban rage tafiya ba, ban kasa kunne ba. A karo na farko a rayuwata na juya wa abu baya da gaske. Hannuna yana kan murfin motar na ji ta daga baya.

"Mista Haladu."

Tana tsaye a bakin ƙofa, karen a gefenta. Na kira Nafisa ta fito ta fassara. Ta ce akwai ƙaramin ɗaki a ƙasa kusa da kicin, na ƙanwarta ne kafin ta rasu, ba ta ba baƙi. Yarinyar za ta iya zama a ciki. Asabar da Lahadi za ta taya ta jera tebur da kwashe kwanuka. Za ta riƙa faɗin inda za ta da lokacin dawowa. Karen ya riga ta zuwa gidan, ba inda za shi. Ta faɗi kuɗin wata.

"Ta ce amsa take so yanzu, kafin hankalinta ya dawo."

Direban ya nuna mini agogo. Na ce a ba ni minti biyu, na koma gefen shinge na kira Mamanku. Nafisa, wannan ne abin da ba ki ji ba. Kin ga na yi waya na dawo na ce a sauke akwatinki, kika ɗauka izini na samu. Ban samu ba. Na gaya mata komai, har karen, har hoton bango, ban ɓoye ko ɗaya ba.

"Ba haka muka yi da kai ba, Alhaji."

"Na sani. Na ga matar, ke ba ki gan ta ba."

"Ka ga matar. Kwana nawa ka san ta?"

"Na san ta ranar da na ɓata mata gida."

"Ka saurare ni. In ka shigo gidan nan babu yarinyar nan, ni da kai sai dai zaman 'ya'ya."

"Na ji," na ce. "Zan bar ta."

Ta kashe wayar.

Na ce a nuna mini ɗakin, don ko a ranar ban iya biyan abin da ban gani ba. Ƙarami ne, gado ɗaya da tebur, taga tana kallon bayan gida inda kafet ɗina ke rataye har lokacin. Akwai danshi a kusurwa, ya fi na gidan dogon mutumin nan. Na gan shi, ban faɗi aibinsa ba. Na gwada sakatar ƙofa, tana kamawa. Ban taya ba. Abu ɗaya na roƙa, kada a soya mata abinci a kaskon da ake soya naman alade.

"Ta sayi nata kaskon," in ji tsohuwar. "Kasuwa tana gangare."

Ban yi wa Nafisa doguwar nasiha ba, babu lokaci. Na ce ta riƙe salla, ta riƙe robar nan, kada ta jiƙa wa mata gida. Ta yi dariya tana hawaye. Da motar ta juya na hango su a bakin ƙofa, ita da tsohuwar, kowacce ta kama hannu ɗaya na akwatin, karen yana shinshinarsa.

Na sauka Riyad da sauran kwana ɗaya a bizata. Da Nasir ya gan ni a shago ya ce alhamdu lillah ala salama, wato barka da dawowa lafiya, fuskarsa kuwa ba ta ce haka ba. A gida Mamanku ta buɗe ƙofa, ta dubi bayana, ta koma ciki. Dambun yana kan tebur a rufe. Abin da ta faɗa a waya ta cika shi. Abincina bai taɓa makara ba, kayana a goge, amma magana sai ta dole, har azumi ya zo ya wuce. Ku kuna ganin shirun, ba wanda ya gaya muku dalili, sai kuka haɗa naku labarin.

To Usman, ga lissafin da ba ka yi ba. Da a ce shago nake ceto, ai tikitin ƙanwarka yana aljihuna. In shigo da ita, shago ya tsira, gida ya zauna lafiya, mutanen Ulaisha su ce Alhaji Haladu ya san mutuncin 'yarsa. Wannan ce hanya mai sauƙi, kuma na riga na kama ta har na buɗe ƙofar mota. Shagon ma bai daɗe ba. Abu Nasir ya rasu shekarar da ta biyo, Nasir ya karɓe abinsa cikin ladabi, na koma ɗan wurin da kuka sani yanzu na sake farawa da furfura.

Ba zan ce muku abin bai ci komai ba. Nafisa ta gama karatu a wancan ɗakin mai danshi, ta samu aiki a can, ta yi aure a can. Ita ta riƙe hannun Madam Nora a asibiti. Mamanku tana ganin jikokinta a waya, suna gaishe ta da Hausar da ba ta fi kalma biyar ba. Abin da ta ji tsoro ke nan tun a bakin ƙofa, ba kare ba, kuma ya faru. Ita ta fi kowa biya. Har yau ba ta ce na yi daidai ba, ni ma ban nemi ta ce ba.

Abu ɗaya ya canja a sana'ata. Bilal ya sha yi mini ƙorafi cewa ina saurin kiran mai saye, ba na barin ya yi nisa ya ji jiki, ina zubar da riba. Gaskiyarsa ne. Amma tun daga waccan Laraba, in mutum ya ajiye bargo ya juya, ba na iya bambance mai wasa da wanda ya tafi da gaske. Sai in kira shi tun bai kai bakin layi ba.